Baƙin Shayin Gwaggo Melvina

Gwaggo Melvina ta damƙo ganyen shayi cike da hannu, ta watsa a butar, a kan na jiya da na shekaranjiya. Ta tsiyaya tafasasshen ruwa, ta tura butar can bayan murhu inda wuta ba ta da ƙarfi. A nan butar take wuni tana ɗan guna-guni ita kaɗai. Ba a juye ta sai ranar Asabar, shi ma don ganye ya cika ta har ruwa ya rasa wurin zama.

Ta zuba madarar gwangwani a kofi, cokali biyu na sukari, sannan shayin. Ya sauko baƙi wuluk, madarar ta sha fama kafin ta mai da shi launin jan ƙasa. Ta buɗe kwalbar magani, ta fitar da ƙwaya ɗaya ja, ta ɗora a harshe, ta kora da kurɓi mai zafi. Wata biyu ke nan tana haka, sau uku a rana, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Da ta miƙe za ta yanko burodi sai ɗakin ya karkata. Ta dafa tebur. Taga ta yi nisa, ta dawo. Zuciyarta tana fafur-fafur kamar tsuntsun da ya shigo ɗaki ya rasa ƙofa. Ta tsaya tana ƙirga numfashi har ƙasa ta koma ƙasa.

Ranar Alhamis ce. Ranar jirgi.

Rattle Cove ba ta da hanyar mota. Dutse ne a bayanta, teku a gabanta, gidaje talatin da ɗaya sun manne a tsakani, goma sha biyu daga ciki an toshe tagoginsu da katako. Duk abin da zai shigo garin, daga buhun fulawa har wasiƙa, jirgin ruwa ke kawo shi. Duk wanda zai fita, shi ke ɗaukarsa. Alhamis ɗaya cikin biyu yakan zo da Verna, malamar asibiti, ta duba mutane a ɗakin da ke bayan coci, ta bi shi in ya juyo da rana. Yau Verna za ta zo da sakamakon jinin Gwaggo Melvina.

Aka buga ƙafa a zaure ana kakkaɓe ƙanƙara. Ba a ƙwanƙwasa ƙofa a garin, baƙo da ɗan sanda kaɗai ke yi. Chesley ne, mijin marigayiya ƙanwarta Drusilla, da sandarsa da gurguwar gwiwarsa. Tun da ya rasa matarsa, ƙarfe goma na safe ba ta wuce shi a wannan kicin.

"Tsohuwa, kina raye?"

"Da na mutu ai da ka ji yunwa ta gaya maka. Rufe mini ƙofa, ba tekun nake ɗumamawa ba."

Ya zauna a doguwar kujerar da ke jikin murhu, ya miƙe ƙafar da ƙyar. Ta miƙa masa kofinsa. Ya leƙa ciki, ya yamutsa fuska kamar yadda yake yi kullum.

"Wannan in an shafa wa ƙasan kwalekwale, ruwa ba zai ƙara shiga ba."

"To ajiye, ka je gidan maƙwabciyarmu Effie. Nata kana ganin gindin kofi, har ka karanta sunan kamfanin."

"Allah ya kiyaye. Na gwammace in mutu da kwalta a ciki." Ya kurɓa, ya lumshe ido. Da ya buɗe, a kanta ya sauke su. "Melvina, kin duba madubi yau?"

"Me zan gani? Wanda ya gina ni ya daɗe da gama aikinsa."

"Kin yi fari kamar cikin kifi."

"Hunturu ne. Kai ma ba rana ce ta gasa ka ba."

Ya mai da ido kan kofinsa. Wannan shirun ya fi ba ta tsoro a kan duk abin da zai iya faɗa, don Chesley ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

Shekararta uku aka fara ba ta shayi, a ƙaramin faranti, uwarta tana hura mata. A wancan zamanin rijiyoyin garin ba su da zurfi, kuma duk bazara zazzaɓin ciki yakan ɗauki yaro ɗaya ko biyu. Ya ɗauki ƙanenta tun bai yi baki ba. Daga ranar uwarsu ta kafa doka: ɗanyen ruwa na dabbobi ne, mutum sai abin da ya hau wuta. Melvina ta girma ba ta san ɗanɗanon ruwan sanyi ba, haka ma yawancin sa'o'inta.

Tana 'yar shekara tara ta hau rumfunan shanya kifi. Mata ke shimfiɗa kifin da aka sa wa gishiri, su juya shi, su kwashe da gudu in hadari ya taso. Gishiri ya tsattsaga mata hannu, ƙuda ya dame ta, bayanta ya sage. Amma in aka ji wata ta ɗaga murya ta ce buta ta tafasa, sai duniya ta tsaya cak. A zauna a kan duwatsu, a riƙe kofin gwangwani da hannu biyu, tururi ya lulluɓe fuska. Minti goma ne kawai, amma na mutum ne, ba na kifi ba.

Da ta auri Hedley, a bakin wannan tagar ta koyi jira. Kofi ɗaya in kwalekwalensa ya fita. Kofi na biyu in iska ta juya. In magariba ta kawo jiki bai dawo ba, ba ta ƙirgawa. Haihuwa biyar ta yi a ɗakin sama, kuma kowace, kafin a nuna mata jaririn, ungozoma sai ta tallafo kanta ta ba ta kurɓi mai sukari. Ranar da suka binne na uku, matan gari suka cika kicin ɗin, babu wadda ta san abin da za ta ce, sai suka yi ta ɗora buta.

Sannan gwamnati ta hana kamun kifin, teku ta zama abin kallo. 'Ya'yanta huɗu suka bi jirgin ɗaya bayan ɗaya, uku can lardin Alberta, ɗaya lardin Ontario. Hedley ya faɗi a cikin kunyar dankali wata safiya, fartanya a hannunsa. Tun daga nan girki ya fita daga ranta. Wa za ta dafa wa nama? Burodi da ɗan maɗi, sai shayi. Da rana haka, da yamma haka. In 'yarta Maxine ta bugo waya ta ce, "Mama, kina cin abinci kuwa?" sai ta ce yanzu ta tashi daga tebur, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Butar ba ta taɓa juya mata baya ba. Da zafi da sanyi, da biki da makoki, ita ce abu ɗaya da in ta miƙa hannu take samu a inda ta bar shi.

Drusilla ta fi ta ƙiba, ta fi ta dariya, ta fi ta shekara huɗu ƙuruciya. Shekara uku da suka wuce ta fara gajiya. Hawan tudun coci sai ta huta sau biyu. Leɓenta ya koɗe. Wata rana suna ninke zanen gado tare, ta matso ta yi mata raɗa, ta ce bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta. Ran wata Alhamis aka saukar da ita bakin ruwa da ɗan akwatinta mai ruwan ƙasa, ta sa hular zuwa coci, tana ɗaga hannu tana cewa a shayar mata da furannin taga. Bayan mako bakwai jirgin ya dawo da ita. Ba ta sauko ta matakala ba. Da igiya aka sauko da ita a akwatin gawa, tare da buhunan fulawa da gangunan mai.

Ba wanda ya ambaci sunan ciwon. A garin cewa ake "abin nan".

Yanzu ga Melvina tana hutawa sau biyu a tudun coci. Bayan sabuwar shekara Verna ta ja mata fatar ido, ta ɗebi jini, ta dawo ta ce ma'aunin jinin lafiyayyar mace ɗari da ashirin ne, nata tamanin. Ta ba ta jajayen ƙwayoyin ƙarin jini. Ta ce in sun yi aiki shi ke nan, in ba su yi ba, jinin yana zurarewa ta wani wuri ke nan, sai an je birni an duba. Ƙwayoyin suka riƙa murɗa mata ciki, sai ta ƙara wa butar ganye, don ta san babu abin da ke kwantar da ciki kamar shayi mai ƙarfi.

Akwai abu biyu da ba ta gaya wa kowa ba. Na farko shi ne abin da Drusilla ta raɗa mata, ita ma ta gan shi da idonta. Na biyu kunyarsa ta fi tsoronsa. Ita da ɗanyen ruwa bai taɓa wuce leɓenta ba, yanzu sai ta faki ido ta fita waje, ta ɓallo ƙanƙarar da ke rataye a bakin rufi kamar haƙoran kifi, ta yi ta gurgura har muƙamuƙinta ya yi tsami. Ba ta san me ke kiran ta ba. Ta dai san jikin da ya fara kwaɗayin sanyi, hanyar ƙasa ya nufa.

Jirgin ya busa daga bakin mashigi. Ta ajiye kofin da ke hannunta a kan faranti.

"Ga ta nan," in ji Chesley. "Tashi mu gangara, gurgu da makauniya."

"Ba inda za ni. Hanya da santsi."

"Jiya ai kin je shago a kan santsin."

"Jiya jiya ce."

Ya dube ta, ya dubi kofinsa. "To ƙaro mini kwaltar. In ba za ki ba, ni ma na fasa."

Rana ta kusa tsakiya aka sake buga ƙafa a zaure. Verna ce, da jakarta da hancinta ja saboda sanyi. 'Yar wannan gaɓar ce, daga gari na uku a yamma, ta kai arba'in. Kowa ya san ba ta shan shayi a gidan kowa. Ta ce in ta karɓa a gida ɗaya, sai ta karɓa a gida goma sha tara, in ba haka ba a yi shekara ana gaba. Tun da take zuwa garin ba ta taɓa zama a wannan kicin ba.

"Gwaggo, na jira ki har na gaji. Kawu Chesley, kai ma gwiwar ta warke ke nan?"

"Ta ji labarin allurarki, ta ce ta samu sauƙi."

Verna ta yi murmushi, amma bai kai idonta ba. Ta cire safar hannu. Ta ja kujera ta zauna.

Gwaggo Melvina ta ga zaman nan, sai ta gane. Mai kawo labari mai daɗi a tsaye yake faɗinsa. Ta juya wajen murhu don kada a ga fuskarta, hannunta ya yi abin da ya sani. Kofi, madara, sukari, buta. Ta ajiye a gaban Verna, kuma Verna ba ta ce a'a ba.

"Nawa?" in ji tsohuwar.

"Saba'in da tara."

"Ya ragu."

"Da ɗaya. Amma wata biyu kina shan magani, Gwaggo, ya kamata a ce ya kusa ɗari." Ta zaro takarda daga jaka, ta ɗora a tebur, ta danne da yatsa. "Na yi magana da likita. Ya ce ki zo. Za su zura 'yar na'ura mai ido su duba cikin, kina barci za a yi, ba za ki ji komai ba. An samar miki gado ranar Litinin. In kin bi jirgin yau, tare za mu tafi."

"Yau."

"Ƙarfe uku yake juyowa."

Agogon bango yana ta aikinsa. Gwaggo Melvina ta dubi takardar, ta dubi labulen da ta ɗinka da hannunta, da ƙusar da hular Hedley ke rataye har yanzu. Agogon ya buga sha biyu, jikinta ya tuna abin da ake yi sha biyu. Ta ɗauko kwalbar, ta sa ƙwaya a harshe, ta kora da shayi.

A daidai lokacin Verna ta kai nata kofin baki. Ta kurɓa, ta tsaya. Harshenta ya kama kamar ta tauna ɗanyen ɓawo. Ta haɗiye da ƙyar, idonta yana kan maƙogwaron tsohuwar.

"Gwaggo, me kika yi yanzu?"

"Maganinki na sha. Ko shi ma laifi ne?"

"Da wannan?"

"Da me zan sha?"

"Kullum da wannan kike sha?"

"Sau uku. Tambayi wancan, shi ne shaidata."

Verna ta tashi, ta ɗaga murfin butar, ta leƙa. Ganye ya kai rabi, cikin butar ya yi baƙi kamar bututun hayaƙi. "Na ce miki da ruwa."

"To da yashi aka dafa shi?"

Chesley ya tuntsire da dariya, ya shaƙe, ya yi ta tari. Verna ba ta yi dariya ba. Ta dawo ta zauna, ta jawo kujerar kusa.

"Kofi nawa a rana?"

"Wa ke ƙirgawa?"

"Ni," in ji Chesley. "Uku kafin in zo, uku ina nan. Abin da ke faruwa bayan na tafi, sai Mahaliccinta."

"Yaushe rabonki da nama?"

"Kirsimeti, ina ji. Effie ta aiko da cinyar agwagwa."

Verna ta dafe goshi. "Laifina ne, da na shigo gidan nan tun farko da na gani. Gwaggo, saurare ni. Abin da ke sa shayi ya kama harshe, shi ke kama sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin maganin nan, ya hana jiki ɗauka. Na cikin abinci ma haka. Ke kuma ga burodi kaɗai, ga wannan dafin a kansa. Wata biyu kina haɗiyar ƙwaya, butar nan tana ƙwacewa."

"Ki bar butata. Shekara saba'in da ɗaya ina sha, ban taɓa kwanciya ba."

"Da kina cin kifi sau biyu a rana, da naman daji, da kabeji. Yanzu fa? Faɗa mini, ranki yana son ƙanƙara? Kina jin kamar ki tauna?"

Kunya ta hau fuskar tsohuwar har kunne. "Wa ya gan ni?"

"Ba wanda ya gan ki. Ƙarancin jini ne ke sa haka. Mata masu ciki ma suna yi."

"To, Melvina," in ji Chesley, "ashe abin da kike ɓoye mana ke nan. Wane ne uban?"

"Rufe bakinka, tsohon banza." Amma wani abu mai ɗumi ya fara tasowa daga ƙirjinta, irin wanda ta manta da shi. Ta dafa tebur da hannu biyu. "Verna, 'yar nan. Kina nufin ba abin nan ba ne?"

"Ban ce ba. Na ce mun gano abin da ya hana magani aiki. Watakila shi ne ya jawo komai tun farko, watakila ba shi ba ne." Ta juya. "Kawu, itacen nan ya kusa ƙarewa."

Akwatin itacen cike yake. Chesley ya dube shi, ya ɗauki sandarsa, ya fita zaure, ya ja ƙofa.

Verna ta rage murya. "In kin zaga, kina ganin wani canji?"

Kalmar ta fito kamar ana jan ta da ƙugiya. "Baƙi."

"Maganin yana sa haka. Na gaya miki ranar da na ba ki."

"Ranar ban ji komai ba bayan kin ce tamanin."

"To ga tambayar, kuma ki yi tunani sosai. Bayan kin fara shan ƙwayoyin ya fara, ko kafin? In bayan ne, zan kira likita in roƙa miki wata guda. Ki sha magani da ruwa, ki ci nama, shayi sai awa biyu bayan abinci, mara ƙarfi. Mu sake aunawa. In kafin ne, ba ni da abin roƙo. Ƙarfe uku."

Ba sai ta yi tunani ba. Ranar tana nan a gabanta sarai. Ranar da ta kwaɓa kek ɗin Kirsimeti ce, hannunta yana ƙanshin kayan yaji, ta zaga ta ga baƙin, ta dawo ta zauna a wannan kujerar har ƙullun ya bushe a kwano. Mako uku kafin kwalbar ta shigo gidan.

Ta dubi butar. Tururi yana fita ta hancinta a hankali, kamar numfashin mai barci. Duk rayuwarta tana ɗauke mata nauyi. Ga shi yau ma ta miƙo wuya, ta ce a ɗora mata laifin.

"Bayan," in ji Gwaggo Melvina.

"Kin tabbata?"

"Na tsufa, ban haukace ba."

Verna ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ninke takardar, ta mai da jaka. Ta rubuta ƙa'idojin da manyan baƙaƙe a bayan kalanda, ta cika kofi da ruwan famfo ta ajiye kusa da kwalbar, ta ce a fara sabawa da ganinsa. Ta sumbaci tsohuwar a goshi. Tana da mutum huɗu da ke jiran ta kafin jirgi.

Chesley ya shigo da itace biyu a hammata, ya ajiye su a kan tulin. Bai koma doguwar kujerar ba. Ya zauna inda Verna ta tashi, ya ɗora hannuwansa a kan sandar. Allon da ya raba zaure da kicin bai kai kaurin yatsa biyu ba.

Ta jira ba'arsa. Ba ta zo ba. Ta goge teburin da ba shi da datti. Ta gyara zaman sukari. Ƙarfe ɗaya ta buga, ta yanka burodi, ba wanda ya taɓa. Ƙarfe biyu ta buga. Hasken taga ya fara komawa ruwan toka.

"Ka ji ai," ta ce daga ƙarshe. "Shayi ne. Wata guda, a ga abin da Allah zai yi."

"Na ji."

"To me ka zauna kamar an aiko ka makoki?"

Ya juya sandar a hannunsa. "Drusilla ma wata guda ta roƙa."

Ta tsaya da tsumma a hannu.

"Ba ki sani ba, ta hana ni faɗa. Tun damina aka ce ta je. Ta ce bari a haƙe dankali. Aka haƙe, ta ce bari a yi bikin jikar Effie. Ni kuma na biye mata, don ni ma tsoron jirgin nake. Wata biyar, Melvina. Da muka isa, likitan ya fito da ni waje, wani yaro ne, bai kai ɗana ba. Ya ce, Baba, da kun zo da damina." Ya sunkuyar da kai. "Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ce ya ƙarasa ba."

"Jirgin ne ya kai ta."

"Ba jirgin ya kashe ta ba. Kicin ɗinmu ne, da ni a ciki, ina zuba mata shayi ina cewa kin fi jiya kyau." Ya ɗago ido, sun yi ja. "Ranar da kika ce kek ɗinki ya lalace, na shigo na same ki a kujerar nan. Na san fuskar. Na taɓa zama da ita."

Daga can ƙasa, bayan tsibirin, jirgin ya busa. Ya juyo. Daga busar farko zuwa kwance igiya, minti ashirin ne.

Tsoron ya kama ta gaba ɗaya, daga tafin ƙafa har gashin kai. Ta ga dogon ɗaki mai farin haske, ta ga igiya tana sauko da akwati a hankali, ta ga katako a kan wannan tagar. Hannunta ya miƙe da kansa wajen murhu, ya tsaya a iska, ya dawo.

"In na tafi ban dawo ba fa?"

"Ban sani ba. Ba zan ƙara yi wa mace ƙarya a kicin ba."

Ta kwance rigar girkinta, igiyar ta ƙi, ta fizge. "Ruga ka ce wa Verna ta tsaya."

"Da wace ƙafar?"

"Kai dai ba ka da rana."

"Ke kuma numfashinki ba zai kai ki shago ba."

"Gangara ce. Ko da mirginawa na isa." Ta zura takalman roba, ta ɗauko rigar sanyi. "Kayana fa? Ko rigar barci ban ɗauka ba."

"Effie za ta haɗa, a aiko da jirgi na gaba. Zan kira Maxine."

"Kada ka tsorata ta."

"Tafi, tsohuwa. Ina bayanki."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa katakon, ta jira ɗakin ya daina juyawa. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta zauna. Ta murɗa mariƙin, iskar teku ta bugi fuskarta, ta fita.